Dutsen Guga Ba Ya Ƙarya

Katanga ɗaya ce tsakanin shagona da na Baba Mai Guga, ita ma ta langa-langa ce, don haka abin da zan faɗa muku ba a bakin wani na ji ba. In mura za ta kama shi, ni nake riga matarsa sani. Ni faci nake yi. Makaranta kuwa na leƙa ta, ta leƙe ni, muka ga ba mu dace ba, muka rabu lafiya. Duk wanda ya ga kuskure a rubutuna ya kawo tayarsa in duba masa, shi ke nan mun yi daidai.

Baba dogo ne siriri, kamar an goge shi an ninke. Shagonsa teburi ne da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, an rufe da farin ƙyalle. Akwai igiyar rataye kaya, da benci biyu, da kwanon ruwan da yake tsoma yatsu ya yayyafa wa riga, sai dutsen guga na gawayi mai ɗan zakaran ƙarfe a hanci. Ba ya taɓa dutsen don ya ji zafinsa. Kusa da kunci yake kai shi, ya ɗan runtse ido kamar mai sauraron gulma. Abu biyu yake taƙama da su a duniya: bai taɓa fasa maɓalli ba, bai taɓa ƙona riga ba. Na ce masa ai ko matarsa bai yi wa irin wannan alkawarin ba. Ya ce matarsa ba ta taɓa zuwa masa a cukurkuɗe ba.

Yadda abin ya fara ba wani tsari. Ranar Lahadi da yamma ma'aikata kan cika bencinsa, kowa na jiran rigar da zai sa wa ofis gobe. Cikinsu akwai wani ɗan malamin makaranta da muke kira Tabarau, don tabaraunsa sun fi fuskarsa girma. Wata rana ya miƙe ya ce ya tsara waƙa. Muka ce ina makaɗi? Ya ce irin wannan ba kiɗa, ba rerawa, tsayawa ake a faɗe ta da baki. Muka ce to ai wannan magana ce. Ya ce waƙar magana. Ya fara. Ya yi ta yi. Har mai shayin tsallake ya wanke kofunansa ya kife, Tabarau bai zo tsakiya ba.

Baba ya ɗauko wata riga ya shimfiɗa, ya ce, “Ɗana, ka yi ta abinka. Amma in na gama rigar nan, kai ma ka gama.”

Dokar ke nan, ba wanda ya rubuta ta. Riga ɗaya, waƙa ɗaya. Lahadi ta gaba mutum biyu suka miƙe, ta gaba kuma har da wata ma'aikaciyar asibiti. Sai muka lura da wani abu. In waƙa ba ta da gishiri, hannun Baba gudu yake, kafin mai waƙa ya gama gyaran murya an ninke riga. In kuwa tana da daɗi, sai hannun ya yi sanyi. Ya koma kwala, ya sake komawa hannun riga, ya tsaya yana neman wani kari da babu shi. Baba bai taɓa buɗe baki ya ce wannan ta yi, wannan ba ta yi ba. Mu ma muka daina kallon mai waƙa, muka koma kallon dutse.

Ni ma na taɓa gwadawa. Na tsara wata a kan ƙusa da taya. Da Baba ya ga na miƙe, sai ya ajiye rigar da ke hannunsa ya ɗauko hankici.

Ranar da ba mu manta ba, wani kwandastan mota ne ya tashi, mutumin da ba mu taɓa jin ya faɗi komai ba sai sunan tasha. Ya yi waƙa a kan silifas ɗin uwarsa da suka rage a ƙofar ɗaki bayan rasuwarta, aka rasa mai ɗauke su. Hannun Baba ya yi sanyi, ya yi sanyi, ya tsaya. Ba wanda ya lura sai da muka ji ƙauri. Da ya ɗaga dutsen, ga siffarsa nan baƙa ƙirin a bayan rigar wani masinjan kotu. Masinja bai yi faɗa ba, don shi ma yana share ido. Baba ya saya masa wata, ita kuma ƙonanniyar ya rataye ta a ƙusa.

Daga ranar ya gyara taƙamarsa. Ya ce shi bai taɓa ƙona riga ba, waƙa ce take ƙonawa. Ya ce, “Dutsena ba ya ƙarya.” Masu wayo sun gwada shi. Wani ya kawo tsumma ya ce a ƙona masa don ya nuna wa budurwarsa. Baba ya goge tsumman tsaf, ya ninke, ya miƙa masa. Duk tsawon shekarun nan rigunan da ke jikin ƙusar ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

To, ƙaramin abu in yana son ya lalace, sai ya samu mai ɗaukarsa a waya. Tabarau ne ya fara ɗauka yana watsawa. Benci biyu suka gaza, mutane suka cika har gaban shagona, suna zama a kan tayoyin da ban gama ba. Aka ce a koma zauren makaranta. Nan aka bar benci. Aka kafa kwamiti, Tabarau ya zama shugaba. Aka ce hayaƙin gawayi yana sa manyan baƙi tari, aka bar gawayi. Da aka tara unguwannin gari aka ce ba adalci ba ne wani ya samu riga mai dogon hannu, wani mai gajere, sai aka kawo agogo mai ƙararrawa, kowa minti uku. Aka zaunar da alƙalai masu ɗaga kwali. Daga gari aka tafi yanki, daga yanki aka tafi ƙasa baki ɗaya. Kowane hawa sai an sauke wani kaya don motar ta yi sauƙi. Kayan ƙarshe da aka sauke shi ne Baba. Wata shekara ya sa farar rigarsa ya je kallo, mai gadi ya ce ina tikiti.

Sunan dai ba su sauke ba. Gasar Ƙonanniyar Riga ta Ƙasa, wadda wani kamfanin sabulu ke ɗaukar nauyi. Kofin gasar kuwa riga ce ta gilashi da baƙin tabo a baya. Suka buga riguna masu hoton ƙuna ana sayarwa. Samarin layinmu su saya, su sa, su kawo wa Baba guga, su ce, “Baba, don Allah kada ka ɗora dutse a kan ƙunar, ɓarewa take.”

Waƙar ma ta samu masu koyar da ita. Yanzu duk mawaƙi sai ya dafa ƙirji, ya yi shiru kamar ya haɗiyi ƙashi, sannan ya kwarma ihu cewa ƙasarsa tana kuka. Ni dai ban taɓa ganin ƙasar da ta sha kuka irin tamu ba, kuma kullum minti uku cif take yi ta share hawaye. Masu kallo ba sa tafi, ƙyasta yatsu suke yi kamar suna kiran mage.

Baba kuwa yana nan a shagonsa. Lahadi da yamma yana hura gawayinsa kamar kullum. Masu jiran riga suna zuwa, amma kowa kansa na cikin waya, yana kallon gasa.

Bana sai ga wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya. Tumbi ya fara fitowa, sannan Tabarau. Yanzu fuskar ta fi tabaraun girma. Ya durƙusa iya inda tumbin ya yarda.

“Baba, an tuna da kai.”

“Da an manta ne?”

“Haba Baba. Wasan ƙarshe na bana, kai ne uban taro. Za a sa maka teburi a kan dandamali, ka yi guga ƙasa duka na kallo. In alƙalai sun fitar da zakara, zai dawo ya maimaita waƙarsa. Wata yarinya za ta ɗaga maka hannu, sai ka bar dutsen ya ci rigar. Shi ke nan.”

Baba ya kai dutsen kusa da kunci ya saurara. Ya ce, “Ɗana, wannan ba ya ganin hannu.”

“Ai ba ƙarya za a yi ba, Baba. Tsari ne.”

Na leƙo ta saman katanga na ce, “Malam, ni a ba ni aikin. Ina ƙona abu ko ba a ɗaga mini hannu ba.”

Tabarau ya yi kamar bai san ni ba, shi da ya taɓa barin mini kekensa wata guda. Matar Baba ta fito tana ƙwanƙwasa kwano, ta ce wa mijinta ya je mana, ko ba komai 'yan uwanta za su gan shi a talabijin su daina cewa ta auri gawayi. Baba ya ce, “Zan je in yi guga. Ƙuna kuwa ba a hannuna take ba.” Tabarau ya ji rabin farko, ya shiga mota.

Ni aka rubuta mai riƙe gawayi. An rataya mini kati a wuya, abin da ko a makaranta ban samu ba.

Zauren ya isa a yi facin jirgin sama a ciki. Sanyin na'ura kamar cikin firji, fitilu kamar za a yi wa mutum tiyata. Tun da safe aka tsayar da mu gwaji. Baba tsaya nan, Baba matsa can, Baba yi murmushi, Baba rage murmushin. Masu zauren suka ce gawayi ba zai shigo ba, mai kyamara ya ce hayaƙin yana yin kyau a hoto, gawayi ya shigo. Kujera kuwa ba a ba shi ba, wai uban taro a tsaye ya fi kwarjini. Aka jibge masa fararen riguna na kamfani.

Da aka fara, sai suka riƙa nuna hannunsa a wani katafaren allo bayan mawaƙa. Dubban mutane na kallon hannun, amma mu biyu kaɗai muka iya karanta shi, ni da Tabarau. Hannun kuwa gudu yake. Wani saurayi mai jar hula ya dafa ƙirji, ya faɗi a kan gwiwa, ya yi rarrafe, ƙasa ta yi kuka har da majina. Zaure ya ɗauki ƙyasta yatsu. Baba ya gama riga ya kama ta biyu.

Sai wata budurwa ta hau, mai gabatarwa ya ce ana kiranta 'Yar Direba. Ba ta dafa komai ba. Ta tsaya kamar mai jiran canji, ta ce:

“Mu ba da fuska muka san Baba ba,
da ƙara muka san shi.
Kafin motarsa ta shawo kwana
kofuna sun fara rawa a kan kanta,
Inna ta ce a ƙara ruwa a tukunya.”

Na dubi allo. Hannun ya yi sanyi. Ya koma kwala. Ta ci gaba da labarin uban da ke kwana a hanya, da 'ya'yan da ke iya rarrabe kukan injinsa cikin motoci ɗari. Dutsen ya hau kafaɗar riga ya tsaya. Na miƙe daga kan buhun gawayi, na buɗe hanci.

Ƙarrr! Ƙararrawa. Aka kashe mata makirufo, bakinta na motsi ba a ji. Baba ya ɗaga dutsen. Riga fara sol. Ya dubi agogon nan irin kallon da yake yi wa mai kawo kaya jiƙaƙƙu.

Mai jar hula ne ya ci. Ya dawo ya maimaita, ƙasa ta sake kuka daidai inda ta yi ɗazu. Yarinyar da aka sa ta ɗaga wa Baba hannu. Ta ɗaga biyu. Ta yi tsalle. Baba ya goge hannun riga, ya juya, ya goge baya, ya ninke, ya ɗora a kan 'yan uwanta. Tabarau na gumi a cikin wannan sanyi.

Don a rufe ɓaraka, mai gabatarwa ya kira manajan kamfanin sabulu ya yi jawabi. Manaja mutum ne mai son a ce yana da raha. Ya tuɓe rigarsa ta sama, mai tsada, ya miƙa wa Baba ya ce uban gasa ya sa mata albarka. Aka yi dariya. Ya zaro takardu. Shi ba a kunna masa agogo ba.

Ya fara daga kakan wanda ya kafa kamfani. Ya bi ta kan kumfa. Ya yi bayanin bambancin kumfar bara da ta bana. Muryarsa ɗaya ba hawa ba sauka, kamar janaretan maƙwabta. Ku tuna tsohon nan tun safe yake tsaye, ga sanyi a baya, ga ɗumin gawayi a gaba. Na ga kansa ya sunkuya. Ya ɗago. Ya sake sunkuyawa. Na ce, “Baba! Baba!” a hankali, don an ce mai riƙe gawayi ba ya magana.

Hayaƙi ya tashi, kuma kamar yadda mai kyamara ya faɗa, ya yi kyau a hoto.

Zaure ya miƙe tsaye. An manta da ƙyasta yatsu, tafi ake da ihu. Mai gabatarwa na cewa, “Dutse ya yi magana! Dutse ya yi magana!” Manaja ya juyo ya ga rigarsa, ya cire tabarau ya share ido, ya ce shi tun yana yaro ya san akwai wani abu a cikinsa. Tabarau ya farfaɗo, ya ruga ya kai makirufo bakin Baba.

“Baba, faɗa wa ƙasa. Wane wuri ne a jawabin ya taɓa ka?”

Ni da nake kusa na ga abin da ke gabansa. In ya ce wajen kumfa ne, ya tsira. Sunansa na mai guga yana nan, waƙa ce ta ƙona, ba shi ba. Amma daga ranar rigar kwandasta da sauran na jikin ƙusa sun zama tsumma, don dutsen da ya ƙona wa kumfa zai ƙona wa kowa. In kuma ya faɗi gaskiya, wa zai sake ba mai barci rigar ofis?

Baba ya ajiye dutsen a kan mazauninsa. Ya ce, “Barci na yi.”

Zaure ya fashe da dariya. Mai gabatarwa ya ce ku ji tawali'u irin na mutanen da.

Baba ya jawo makirufon da hannunsa. “Ba wasa nake ba. Wallahi barci na yi.”

Tafin ya fi na farko. Manaja ya rungume shi. Kafin sati ya zagayo kamfani ya buga sababbin riguna, hoton ƙuna a baya, a gaba an rubuta BARCI NA YI. Sun fi na da kasuwa. An ce manaja yana shirin fitar da littafi.

Ƙasa duka ba ta yarda da Baba ba. Layinmu ne kaɗai ya yarda, don mu mun san ba ya ƙarya. Masinjan kotu ne ya fara kai kayansa shagon masu dutsen lantarki. Ma'aikaciyar asibiti ta bi. Suna gaishe shi da girmamawa in za su wuce, ƙullin kayan a ɗaya hannun, wanda ke nesa da shi. Igiyarsa ta koma ba komai sai ƙudaje. 'Yan uwan matarsa kuwa sun gan shi a talabijin, yanzu cewa suke ta auri matashin kai.

Ran wata Lahadi na ɗauko rigata ta fita kunya, shuɗiya, wadda nake zuwa gidan surukai da ita. Na kai masa na ce, “Baba, ga aiki. In barci zai zo ka ƙwanƙwasa katanga, in kawo maka tabarma.”

Ya ce, “Ajiye, ɗan banza. Ka wanke ta kuwa, ko shanya ta ka yi?”

Yana cikin hura gawayi sai wata doguwar motar kaya ta tsaya a tsallake, har kofunan mai shayi suka yi rawa. Direban ya diro, ashe mace ce. 'Yar Direba. Ta gaida Baba, ta gaishe ni, ta ce ko na uku ba ta zo ba a gasar, amma da ta kalli hoton daga baya ta ga inda hannunsa ya tsaya.

“Baba, an katse ni. Na zo in ƙarasa, in akwai riga.”

Baba ya dubi igiya. Ya dubi teburi. Riga ɗaya ce a shagon. Na ce, “Baba, bari in ɗauko hankici.” Ya riga ya shimfiɗa ta, ya yayyafa ruwa.

Ta fara daga farko. Ba kowa sai mu uku, da mai shayi da ya tsallako da kofi a hannu, da matar Baba a bakin ƙofa. Ta wuce inda ƙararrawa ta tsayar da ita, ta kai shekarar da uban ya fara ganin hanya biyu, ta kai ranar da aka ce ya sauka. Sannan ta ce:

“Yanzu idonsa ya ƙi hanya,
an karɓi makulli an ba ni.
Yana zaune a ƙofa, kunnensa na titi.
Kafin in shawo kwana
ya ce a ƙara ruwa a tukunya.”

Na ji ƙaurin, ba zan ce ban ji ba. Rigata ce, bakina kuma ba a ɗaure yake ba. Amma sai da ta yi shiru na tuna ina da shi.

Baba ya ɗaga dutsen. Ga siffarsa nan a tsakiyar bayan shuɗiyar rigata, baƙa, har da gurbin hanci. Ya juyo ya ware mini idanu da yatsu biyu, jajaye, jiƙaƙƙu.

“Mai faci, duba da kyau. Idona biyu. Ka shaida.”

Na ce na shaida, amma wa zai gaya wa surukaina?

Ya so ya rataye ta a ƙusa, na ƙi. Na ce ƙusa ba ta zuwa ko'ina, ni kuwa ina yawo. Har yau igiyarsa ba ta cika ba, sai dai masinjan kotu ya dawo da wanduna, ya ce riguna sai ya ga yadda hali ya yi. Ni kuma ina sa rigata ina fita. Shekaranjiya wasu samari masu BARCI NA YI a ƙirji suka tsayar da ni, suka juya ni, suka shafa bayana. Ɗaya ya shinshina. Ya ce wa abokinsa, “Jabu ce. Ta asali ba ta wari.”